Gwiwar Kawu da Ƙwallon Anil Kumble: Daga Bengaluru Zuwa Kotla

Gwiwar Kawu ce ta kai ni Indiya. Shekara uku yana fama da ita, sallah ma sai a kan kujera, har likitoci suka ce ba makawa sai an sauya ta. Da aka zauna a gida ana neman ɗan rakiya sai abin ya faɗo kaina, wai ni ne mai Turanci, kuma ba wanda ya kai ni kallon fina-finan Indiya, saboda haka ba za a sayar da mu muna tsaye ba. Muka tashi daga Kano, muka yada zango a Addis Ababa, muka sauka Bengaluru, garin da mutanenmu suka fi sani da Bangalore.

Ɗan Indiyancin da nake taƙama da shi tun a filin jirgi ya ƙare. Ashe garin babban birnin jihar Karnataka ne a kudu, kuma Kannada suke yi, harshen da bai haɗa hanya da Hindin da muke ji a fim ba. Kawu ya dube ni ya ce, "To malamin Indiyanci, yaya dai?" Na yi gum. Abin da ya sanyaya mana rai shi ne iskar garin. Yana kan tudu, kusan mita 900 sama da teku, sai ka ce Jos da damina. Ga adaidaita sahu ko'ina, irin namu sak, don dama daga nan ake kai mana su.

Tsakanin masaukinmu da asibiti akwai wata mahaɗa a bakin titin Mahatma Gandhi, wanda kowa ke ce wa MG Road. Sunanta shataletale, amma danja ce kawai da cinkoson motoci, ga jirgin ƙasa na cikin gari yana wucewa ta kusa. Kullum muka iso nan sai na ga allo ɗauke da suna Anil Kumble. Ni a zatona wani tsohon gwamna ne ko janar ɗin soja da ya daɗe a ƙasa, domin a wajenmu irinsu ake sa wa titi. Ran nan na tambayi mai adaidaita, yaushe mutumin ya rasu? Sai da ya waiwayo gaba ɗaya, muna tsakiyar titi. Ya ce yana nan da ransa a garin nan, ɗan wasan kurket ne, kuma bai kai shekara talatin ba aka sa wa wurin sunansa. Ya ɗaga yatsu goma, ya saki sitiyari, ya ce goma cikin goma. Na ce ya riƙe abin hawansa, mun ji.

Ban fahimci goman nan ba sai ranar aikin Kawu. An shiga da shi tun safe, ni kuma na rasa inda zan sa kaina. A zauren jira akwai talabijin, kurket ake nunawa, kuma har masu shara sukan tsaya da tsintsiya a hannu su ɗan leƙa. Kusa da ni wani dattijo ne mai farin gashin baki, matarsa ma tana ciki. A can kowane dattijo ankul ake ce masa, ni dai Baba na riƙa kiransa, bai kuma hana ba. Da ya ga ina kallon akwatin kamar baƙauye a tasha, sai ya ciro lemo daga jakarsa.

Ya ce in manta da dokoki masu yawa. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare. Akwai wani ɗan fili a tsakiya mai tsawon yadi 22, a kowane ƙarshensa an kafa turaku uku. Mai jifa yana neman turakun, mai sanda yana kare su, yana kuma buga ƙwallon don tara maki. Jifa shida ne zubi ɗaya. Idan an fitar da mutum goma, ɓangaren ya ƙare, sai a juya. Babban wasan, wanda ake kira Tes, kwana biyar ake yi ana abu ɗaya, har da hutun cin abinci da na shan shayi. Na ce a raina lallai waɗannan ba su da kasuwa.

Sai ya zo kan lemon. Masu jifa iri biyu ne, in ji shi, masu ƙarfi da masu murzawa. Ya ɗora manuniya da ɗan yatsan tsakiya a saman lemon, ya lanƙwashe na zobe a gefe, babban yatsa kuma yana ɗan tallafe kawai. Ya karya wuyan hannu, ya fizge da yatsan zoben nan, lemon ya tashi yana juyi ya faɗa ɗaya hannun. Ya ce idan ƙwallon fata mai ɗinki a tsakiya ya sauka ƙasa da wannan juyin, sai ya kauce daga dama zuwa hagu. In kuma ka juya bayan hannu ya kalli mai sanda, sai ya kauce ɗaya ɓarin, wannan ita ce gugli, kuma ita ke sa manya jin kunya. Ya miƙo mini lemon. Na gwada, ya gangara ƙarƙashin kujerar wata mata.

Abin da ya ba ni mamaki, da na kawo sunan Kumble, Baba bai fara da yabo ba. Ya ce yaron nan ai ƙwallonsa ba ya wani kaucewa. Shi a zamaninsa ya ga gwanayen gaske, mutum huɗu da suka riƙe Indiya a shekarun 1960 da 1970: Bishan Singh Bedi, Erapalli Prasanna, Srinivas Venkataraghavan da Bhagwat Chandrasekhar. Biyu daga ciki, Prasanna da Chandrasekhar, 'yan jihar nan ne. Chandrasekhar ma shan inna ya shanye masa hannun dama yana yaro, da wannan hannun kuma ya fitar da mutum 242 a wasannin Tes. Kumble kuwa da jifan ƙarfi ya fara yana ƙarami, daga baya ya koma murzawa, sai saurin ya bi shi. Dogo ne, daga sama yake sako ƙwallon, ya zo da sauri, ya yi tsalle fiye da yadda aka zata, ko ya zame kai tsaye ya sami ƙafar mutum a gaban turaku. Baba ya nuna mini faɗin tafin hannunsa ya ce sandar bugu ba ta wuce haka ba, inci huɗu da 'yan kai. Kenan ƙwallon da ya kauce da inci biyu ya wadatar, in dai kullum zai sauka inda aka aike shi.

Ana cikin haka aka kira sunan Kawu. An yi aiki lafiya.

Kwanakin da suka biyo baya Kawu barci ne yawanci da rana, ni kuma na shiga gari. Daga mahaɗar nan taki kaɗan ne zuwa filin wasa na Chinnaswamy, a gefen lambun Cubbon mai manyan itatuwa. Nan ne gidan Kumble a wasa. A garin aka haife shi ranar 17 ga Oktoba 1970, ya fara buga wa Karnataka a 1989, kuma a 1990 aka kira shi ƙungiyar ƙasa, ya yi Tes ɗinsa na farko a Manchesta ta Ingila yana shekara 19, siriri mai tabarau. A lokacin ɗalibin injiniyanci ne, fannin kanikanci, kuma bai watsar da karatun ba sai da ya karɓi digirinsa. Wannan ya burge ni fiye da yadda na zata. Mu da yaro ya iya taka leda, littafi ya shiga uku.

Bayan Manchesta an ajiye shi kusan shekara biyu. Ya dawo a 1992, a Afirka ta Kudu kuma ya kayar da mutum shida a Johannesburg. A 1993 Ingila ta zo Indiya ya kwashe 21 a wasa uku, kuma a ƙarshen shekarar, a Kolkata, a wasan ƙarshe na wata gasar yini ɗaya, ya fitar da mutum shida na ƙungiyar tsibiran Karibiyan, wato West Indies, maki 12 kacal suka samu a kansa. Abokan wasansa Jumbo suke kiransa. Duk da haka tsegumi bai bar shi ba. Cewa ake a gida kawai yake zaki, inda ƙasa take bushewa ta tsage ta taimaka masa, da ya fita waje sai ya zama kyanwa. Shekaru ya yi yana ɗauke da wannan magana.

Wata Lahadi na je Basavanagudi, tsohuwar unguwar da ya yi makarantar sakandare. Unguwa ce mai kasuwar furanni da gidajen cin abinci inda ake layi don dosa, wata 'yar siririyar waina mai faɗi da ake naɗe dankali a ciki, a kora da gahawa mai madara a ƙaramin kofin ƙarfe. A wani fili na tarar da wasa ya fi biyar ana yi lokaci guda, kowane ya ratsa cikin ɗan'uwansa, turakun wasu ma bulo ne aka jera. Ƙwallon tanis suke amfani da shi. Da yaran suka ga baƙo ya tsaya, sai suka ba ni in jefa. Na tuna darasin lemo, na ɗora yatsu biyu, na lanƙwashe na uku, na yi ɗan gudu na saki. Ƙwallon bai ko taɓa ƙasa ba, ya bi ta saman kan yaron ya faɗa cikin wasan maƙwabta. Na biyu ya sauka a gaban ƙafata. Wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya karɓa, ya yi mini alama in duba, ya jefa sau shida, duk shidan suka sauka a wuri ɗaya da bai fi faifai ba. Tun daga ranar na daina raina lissafin da na gani: ƙwallo 40,850 Kumble ya jefa a wasannin Tes kaɗai. Ni biyu na jefa, kafaɗata ta kwana tana ƙorafi.

Kafaɗar tasa ma ba ta tsira ba. An yi masa aiki a kanta, ya rasa karawar da aka yi da Ostireliya a 2001, wadda matashi Harbhajan Singh ya kwashe mutum 32 ya zama sabon ango. Da yawa sun ɗauka an gama da Kumble.

Labarin da ya fi amfanar mu a asibiti shi ne na muƙamuƙi. Kawu ya ƙi gashi. Da ma'aikaciyar motsa gaɓɓai ta shigo sai ya rufe ido ya yi kamar mai barci, don lanƙwasa sabuwar gwiwa ba wasa ba ne, na ga hawaye a idon mutumin da ban taɓa ganin ya yi kuka ba. Sai na nemo masa wani hoto a waya. Watan Mayun 2002 ne, a tsibirin Antigua. Kumble na riƙe da sanda, ƙwallon Merv Dillon ya tashi ya same shi a haɓa, ya karya masa muƙamuƙi. An riga an shirya zai koma Bengaluru a yi masa aiki. Kafin tafiyar sai ga shi ya fito fili, an naɗe masa kai da bandeji tun daga haɓa har tsakar ka, kamar mai ciwon hangum. Ya yi zubi 14 a jere, ya kuma fitar da Brian Lara, wanda a lokacin ba a yi biyunsa a iya bugu ba sai a kawo Sachin Tendulkar.

Kawu ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Wannan biyansa ake yi, ni kuwa ni nake biya."

Na ce, "Haka ne Kawu, amma ku daure."

Ya yi tsaki. Da matar ta dawo da yamma dai bai rufe ido ba.

Maganar zakin gida ita ma ta mutu daga baya. A Ostireliya, ƙarshen 2003 zuwa farkon 2004, ya kayar da 24 a wasa uku, takwas daga ciki a zagaye ɗaya a Sidni. A Disambar 2004 ya wuce mutum 434 da Kapil Dev ya fitar a wasannin Tes, ya zama na ɗaya a tarihin Indiya. A 2007 a Landan, yana shekara 36, ya yi abin da ba aikinsa ba, ya buga maki 110 da sanda ba a fitar da shi ba, kuma duk manyan masu bugun Indiya da ke cikin tafiyar ba wanda ya kai ɗari a wasanni ukun sai shi. A ƙarshen shekarar aka ba shi kyaftin, bayan shekara 17 yana bin umarnin wasu.

Da aka sallame mu sai muka hau jirgin sama zuwa Delhi, tafiyar da ba ta kai awa uku ba, domin ɗan Kawu na karatu a Greater Noida kusa da birnin, kuma ta can za mu koma gida. Delhi wata duniya ce. Hayaƙi, ƙura, hon, amma a nan Indiyancina ya farfaɗo, har na yi cinikin shayi ba tafinta. Ran Alhamis na bar uba da ɗa suna hira na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauka a tashar Delhi Gate.

Filin da ake kira Feroz Shah Kotla nake nema, wanda tun 2019 aka sauya masa suna zuwa Arun Jaitley. Ba ranar wasa ba ce, ƙofa a rufe, na zagaya katanga kawai. Sai na shiga tsohuwar ganuwar da ke manne da shi, wadda filin ya ari sunanta. Sarki Feroz Shah Tughlaq ne ya gina ta a ƙarni na 14. Akwai kangon masallacin da har yau ake sallah a ciki, da wata rijiya mai zagaye, da wani dogon ginshiƙin dutse na zamanin sarki Ashoka, wanda ya girmi ganuwar da shekara sama da 1,500, ɗauko shi aka yi daga wani gari aka kafa a saman gini. Daga can sama fitilun filin wasan na tsaye a gabanka. Na sami dutse na zauna, na kunna bidiyon goma cikin goma.

Lahadi ce, 7 ga Fabrairu 1999. Kusan shekara goma Indiya da Pakistan ba su yi Tes da juna ba, har wasu 'yan Shiv Sena, wata jam'iyyar masu kishin Hindu, sun shiga filin nan sun haƙe wurin jifa don kada a yi. Pakistan ta ci wasan farko a Chennai da maki 12. A nan Delhi aka ce ta nemo maki 420, kuma ta faro da kyau, Saeed Anwar da Shahid Afridi suka kai 101 ba wanda ya fita. Kumble ya riga ya sauya ɓangaren da yake jifa. Afridi ya fara tafiya, ƙwallo na gaba Ijaz Ahmed ya bi shi, sai Inzamam, sai Yousuf Youhana, sai Moin Khan, sai Anwar da makinsa 69. A bidiyon za ka ga Tendulkar yana karɓar hula da rigar sanyin Kumble yana miƙa wa alƙalin wasa kafin zubi, wai hannunsa na da sa'a. Alƙalin kuwa, A. V. Jayaprakash, shi ma mutumin Karnataka ne, abin da 'yan Pakistan ba su manta ba har yau.

Da aka kai tara, sai Javagal Srinath da ke jifa daga ɗaya ɓangaren ya riƙa jefa ƙwallonsa nesa da turaku da gangan, kada ya fitar da na ƙarshen ya ɓata wa abokinsa rana. Wasim Akram ne ya cike goman, ƙwallon ya taɓa sandarsa ya faɗa hannun V. V. S. Laxman da ke tsugune dab da shi. Maki 74 aka ci a kan Kumble, Indiya ta yi nasara da 212. Kafin shi mutum ɗaya ne ya taɓa yin haka a Tes, Jim Laker na Ingila a 1956, bayansa kuma sai Ajaz Patel na New Zealand a Mumbai a 2021.

Ni dai da na kalla sau biyu, ra'ayina shi ne ranar nan akwai rabo a cikinta, akwai kuma karamcin Srinath. Laƙabin mai goma cikin goma ya dace da shi, amma bandejin Antigua da ƙwallo dubu arba'in ɗin nan sun fi faɗa mini ko wane ne mutumin. Wataƙila wannan tsananin ne ma ya hana shi daɗewa da aka ba shi horar da ƙungiyar ƙasa a 2016, domin shekara ɗaya ya yi ya ajiye, bayan sun kasa jituwa da kyaftin Virat Kohli. A filin nan dai ya rataye takalmi, ranar 2 ga Nuwamba 2008, ana wasa da Ostireliya, da ɗinki a ɗan yatsan hannunsa na hagu. Abokan wasa suka ɗauke shi a kafaɗa suka zagaya da shi. Wasa 132, mutum 619. Har yau uku ne kawai suka fi shi: Muralitharan mai 800, Shane Warne mai 708 da James Anderson mai 704.

Ina cikin wannan lissafi sai ƙamshin turaren wuta ya dawo da ni. Ashe Alhamis ranar aljannu ce a Kotla. Mutanen Delhi sun yi imani akwai su a kangon nan, saboda haka sukan zo da kyandir, da madara, da hatsi, su shiga ɗakunan ƙarƙashin masallacin masu duhu. Abin da ban taɓa gani ba shi ne wasiƙu. A rubuce suke kawo kokensu kamar masu zuwa ofishin gwamnati, wasu har da hoto da adireshi, wasu an yi musu fotokwafi an rarraba lungu-lungu, ko don kada wani aljanin ya ce bai sami tasa ba. Na leƙa wani ɗaki, bango ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, jemagu na shawagi, wata mata ta jingina goshi da dutse tana magana ƙasa-ƙasa. Na yi a'uziyya na fito da baya-baya.

Da dare na ba Kawu labari, na wasan da na wasiƙun. Yana zaune bakin gado yana lanƙwasa gwiwar da kansa, yana ƙirgawa, don an ce ya yi ashirin safe da yamma. Bai ce komai kan aljannun ba. Da ya kai goma sai ya tsaya ya numfasa, ya ce, "Shi mai bandejin nan, nawa ka ce ya yi?"

Na ce, "Zubi goma sha huɗu, Kawu. Kowane zubi jifa shida."

Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Ya ce, "Tamanin da huɗu kenan. Miƙo mini ruwa." Ya sha, ya ci gaba daga sha ɗaya.